Muryar da Imran Ya Goge

A kasuwar Ataba suka haɗu, a 'yar rumfar da Imran ke gyaran waya. Huda ta miƙo tata tana haki.

"Don Allah malam, ka lallaɓa ta. Binciken digirina kaf yana ciki."

Ɗalibar ilimin harsuna ce. Ta ɗauki muryar wata tsohuwa 'yar tsibirin Biak na Indunusiya, inda harshensu ke bambanta mutum ɗaya, biyu, 'yan kaɗan da masu yawa. So take ta gano inda kaɗan ɗin ke ƙarewa. Tsohuwar kuwa tuni ta koma gida.

Gogan naka idonta yake kallo, ba bayani yake ji ba. Wayar ta ƙi tashi, ya yi mata abin da ya saba, ya goge duk abin da ke cikinta tas. Da Huda ta dawo ta fashe da kuka, sai baki ya riga shi: "Ma'alish, yi haƙuri, tun kafin ki kawo ta komai ya tafi."

Ta yarda. Har godiya ta yi masa, kuma godiyar ce ta fi ci masa rai.

Ya riƙa kira yana lallashi, lallashi ya zama so. Duk sanda ta ce masa "Nurina", wato haskenta, sai ƙaryar ta dawo masa sabuwa. Da maganar aure ta taso, mahaifinta, ma'aikacin ofishin jakadanci a unguwar Zamalek, ya ce bai san halin yaron ba.

"Baba, Imran bai taɓa yi mini ƙarya ba," in ji ta, Imran na zaune yana ji.

Washegari ya tura saƙo: "Hudata, ni na goge muryar, na kuma yi miki ƙarya. Kada ki ƙara shaidata da halin da ba ni da shi."

Ya rufe rumfa, ya bi masaukan ɗaliban Indunusiya har ya samo ɗan Biak da ya yarda a ɗauki muryarsa. Wajen mahaifin Huda ya kai shi, ya faɗi komai, kansa a ƙasa.

Dattijon ya ce: "Yanzu na san halinka. Saura ita."

Sai da Huda ta kammala ɗaukar muryar ɗan Biak ɗin ta rubuto: "Nurina, fushina bai ƙare ba. Turo magabatanka, na ƙarasa shi a gidanka."

Bayan ta kare bincikenta aka ɗaura aure, iyaye suka sa albarka. Allah ya bar su tare. Amma har yau, in wayar Huda ta lalace, rumfar maƙwabcinsa take kaiwa, Imran kuwa bai taɓa cewa uffan ba.