Hannun Hagu a Takarda

"Dubi! Dube shi da kyau, Alu!"

Tambara ta maka masa takardar a ƙirji, tsakiyar kasuwar Lahadi ta Filinge.

"Sanyin idona, mi ya samu?"

"Kak ka ƙara ce min sanyin ido! Ka tozarta ni gaban ƙasar Kurfai duka!"

Bara ubanta ya rasu gab da girbi. Waƙar baƙin cikin da ta yi masa har maza ta sa kuka: "Gero ya nuna, mai gona ya kwanta, wa zan kai wa ruwa da rana?" Mushe, malamin lakwal, makarantar boko, ya rubuta ta don a buga a Yamai. Shi ya ba Alu, gwanin sassaƙar ƙwarya kuma mai neman aurenta, guntun allo ya sassaƙa hoton da za a buga tare da waƙar.

Ga hoton ya dawo. Sama baƙi ƙirin, gero ya sunkuyar da kai, ga ta durƙushe da tsagar gidansu a kumatu, tana miƙa wa ubanta ƙwaryar ruwa...

Da hagu!

"Uban da ya haihe ni zan ba ruwa da hagu? Ko kare ban yi ma haka!"

"Wallahi da dama na sassaƙa!"

"Idona ka yin ƙarya ke nan?"

Dijatu, wadda ta daɗe tana son Alu, ta kwashe da dariya daga rumfar masu nono. Ita ta bi gida-gida da takardar tun safe.

"Ɗiyar kirki! Waƙa a baki, raini a hannu!"

Kafin la'asar Baba Magagi, ƙanen mahaifinta, ya mayar wa dangin Alu goronsu.

Kwana tara ba ta fita ko rijiya ba. Tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta da take kasa kunne ko za ta ji muryarsa.

Ran na goma ya yi sallama da hantsi, ƙurar motar Yamai a kansa, allon a hammata.

"Fita min gida!" in ji Baba Magagi.

"Baba, duba tukuna, sannan ka kore ni."

Tambara ta leƙo. A jikin allon, hannun dama ne.

Alu ya shafa masa baƙin tukunya, ya danna a farin ƙyalle, ya ɗaga. Dama ta koma hagu.

Baba Magagi ya ja da baya. "Aikin iskoki!"

"Jahilcina ne, Baba. Duk abin da allo ya buga, juyawa yake. Masu aikin buga takardu sun sani, ni mai ƙwarya ban sani ba, ban kuma tambaya ba."

"Allo ɗaya ne!" Tambara ta daka masa tsawa. "Takardun hwa? Sun kai Sanam, sun kai Baleyara! Zuciyarka za su gani ko hannuna?"

Ya sunkuyar da kai, ya zaro allo na biyu.

"Sun yarda su sake bugawa. Amma don duniya ta ga dama, dole na sassaƙa ki da hagu. Da gangan na yi shi wannan karon."

Ta dubi allunan biyu. Wancan ya girmama ta ya ja mata zagi, wannan ya zage ta don ya wanke ta.

"In sun gama, ka maido min shi," ta ce.

"Ki yi mi da shi, Tambara?"

"Itace ne. Tuwon biki na son wuta."

Baba Magagi ya yi gyaran murya, ya tambaya ko goron nan bai bushe ba.

Ranar auren, da hannunta ta cusa allon hagu a murhu. Na daman kuwa yana rataye a ɗakinta, inda ubanta ke karɓar ruwansa yadda ya kamata.