Laima Mai Ƙusurwa Takwas

Ina cire farar rigar aiki saƙon ya shigo.

Hoto ne. Auta ce a ciki, 'yar ƙanwar maman wanda zan aura, ta karkata kai tana murmushi. A ƙasa ta rubuta, "Anti Likita, ya kika ga hasken?"

Ban tsaya kan murmushin ba. Duba ido ne sana'ata, don haka idon na jawo da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar.

Ga shi nan. Wani farin haske mai ƙusurwa takwas, zaune daram a gefen ƙwayar idonta.

Na nemi kujerar marasa lafiya na zauna.

Mai Hoto, mutumin da zan aura, shi ya koya mini wannan da bakinsa. Kowace fitila tana barin siffarta a idon wanda aka ɗauka. Tsohon filashinsa ɗigo yake bari, kamar kan allura. Sabuwar laimar da ya yi oda kuwa, wadda ake sa filashi a cikinta a rufe bakinta da farin yadi don haske ya yi laushi, ita ce mai ƙusurwa takwas.

Labulen da ke bayan Auta ma na san shi. Na falon gidan su Mai Hoto ne.

Jiya-jiyan nan ya ce mini a waya, "Ta iso, Likitata, amma ko kwalin ban taɓa ba. Ke za ki fara zama a gabanta. Alkawari ne."

Na rubuta wa Auta, "Ya yi kyau." Na kife wayar.

* * *

Yaya ne ya kai ni ranar gwajin laimar. Tun rasuwar Baba shi ne mai magana a kaina, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba.

"Duk karatun nan da kika yi a ƙasar mutane," ya ce yana tuƙi, "ki ƙare a hannun mai cewa mata su gyara wuya?"

"Aikinsa ne, Yaya."

"Matsalar kenan ai. Mutum ya yini yana leƙen fuskar mata."

"Ni ma yini nake ina leƙen idon maza."

"Ke in kin leƙa magani kike rubutawa. Shi me yake rubutawa? Lambar waya!"

Ban yi dariya ba. Ban kuma nuna masa hoton ba. Da ya gani, nan take zai juya motar, maganar auren ta mutu kafin mu isa gida. In kashewa ta kama, na fi so in kashe ta da hannuna.

Can gidan su Mai Hoto ma ba marmarina ake yi ba. Mamarsa ta taɓa faɗa a gabana cewa mace mai tabarau mai kauri irin nawa ba a sanin abin da ke ranta. Auta take so masa. Kowa ya sani.

Mun tarar ya tura kujeru jikin bango, ya ajiye 'yar kujera mara jingina a tsakiyar falo. Kwalin yana kan kafet.

"Sannu da zuwa, Yaya. Likitata... ga ta nan, a rufe yadda ta zo."

Na durƙusa kamar mai sha'awa. Salatif biyu ne a bakin kwalin. Na ƙasan an tsaga shi da wuƙa. Na saman sabo ne, irin wanda ke kan teburinsa.

"Buɗe mana mu gani," na ce.

Ya buɗe. Takardar bayani ta faɗo, ko kallonta bai yi ba. Ya riƙa cusa sandunan laimar a ramukansu, ɗaya nan, ɗaya can, hannunsa bai yi kuskure ba. Wata guda ya ware gefe. Sai da ya gama da sauran ya ɗauko ta, ya danna ta da gwiwa, ta shiga da ƙara.

"Ka iya kuwa," na ce. "Kamar ka taɓa yi."

"Bidiyo na kalla."

"Bidiyon ne ya gaya maka wadda ta fi taurin kai?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Yaya ya ɗago daga wayarsa.

Ya shimfiɗa farin yadin a bakin laimar, ya ɗora ta a kan doguwar sandarta mai ƙafa uku. Bai kafa ta a gabana ba. Gefe ya kai ta, sama da kaina, ya karkato ta ƙasa. Na bi ƙafafun sandar da kallo. A kan kafet akwai 'yan guntayen salatif, kowace ƙafa ta sauka daidai kan nata.

Mutumin da bai buɗe kwali ba, har ya yi wa kafet alama.

"Zauna, hasken idona. Juyo kaɗan... yawwa. Sauke haɓa."

Na kai hannu zan cire tabarau. Tun ina yarinya haka nake yi. Duk mai hoton da ya taɓa ɗaukata sai ya ce, "Cire gilashin, yana walƙiya." In na bari, fararen faifai biyu ke fitowa a gurbin ido. In na cire, ba na ganin komai, sai in fito kamar wadda aka tasa daga barci. Shi ya sa duk bangon gidanmu babu hotona.

"Kar ki cire!" ya ce da sauri. "Bar shi."

"Zai yi walƙiya."

"Ba zai yi ba."

"Ya aka yi ka sani?"

Ya koma gyara ƙafar sandar.

"Ka ce ko kwalin ba ka taɓa ba. Ya aka yi ka sani?"

Na ciro wayata, na jawo idon Auta, na miƙa masa. "Ƙirga ƙusurwoyin."

Yaya ya riga shi karɓa. Ya mayar da hoton yadda yake, ya ga fuskar, ya dubi labulen da ke bayana, ya sake duban hoton. Ya zaro makullin mota.

"Tashi mu tafi."

"Likitata, don Allah ki saurare ni..."

"Ka buɗe kwalin?"

"Na buɗe."

"Kai ka ɗauke ta?"

"Ni na ɗauka."

"A kan kujerar nan da ka zaunar da ni?"

Ya sunkuyar da kai. "A kanta."

Na miƙe. Ban yi kuka ba.

Labulen ƙofar ciki ya motsa. Mamarsa ce ta fito, tabaran karatu rataye a wuyanta. Auta na bayanta da farantin kofuna, da alama ta daɗe tana riƙe da shi a wurin.

"Ina za ki?" Mama ta ce. "Koma ki zauna. Wuyan nan nawa ba zai yi ciwo a banza ba."

"Mama, ki bari ni..."

"Kai rufe mini baki, ka riga ka ɓata." Ta juyo gare ni. "Kwana da kwanaki yaron nan ya dasa ni a kan kujerar nan. Mama sa tabarau. Mama ɗaga kai. Mama sauke. Fau! Fau! Har in na rufe ido taurari nake gani. Na ce ni me na yi maka? Ya ce wai ba ki da hoto ko ɗaya da idonki ya fito, kuma shi ba zai ce ki cire tabarau ba kamar sauran."

Na dube shi. Kafet yake kallo.

"Auta fa?" in ji Yaya.

"Ni na sa. Na ce in zan zauna masa, sai ya ɗauke ta. Na zaci in ya leƙa ta ta cikin abin nan zai ga abin da nake gani." Mama ta taɓe baki. "Sau ɗaya ya danna. Ko gyara wuya bai ce mata ba. Sai ji na yi, 'Tashi, Mama ta dawo.'"

"Mama!" Auta ta ce.

"Ke kuma wa ya aike ki ki tura mata?"

"Ni fa haske kawai na tambaye ta..."

"Wuce ciki da hasken naki!"

Ta wuce. Ni dai ban zauna ba.

"Ba ni kyamarar," na ce.

Ya miƙo. Na fara daga hoton farko. Mama da fararen faifai biyu a ido. Mama ta haɗe rai. Faifan sun ragu. Sun koma gefen gilashi. Sun dawo. Mama ta buɗe baki, da gani faɗa take. Auta, guda ɗaya tak. Mama kuma. Mama kuma.

"Wannan barci take?" Yaya ya tambaya ta saman kafaɗata.

"Hutawa nake," in ji Mama.

A na ƙarshe walƙiyar ta tafi gaba ɗaya. Idanun Mama sun fito tar a bayan gilashi, tana dariya, irin dariyar da ban taɓa ganin ta yi ba.

Na ajiye kyamarar.

"To me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Na yi miki alkawarin ke ce farko," ya ce a hankali. "Da na buɗe sai na ga ban iya ba. Na ji tsoron ki zauna, walƙiyar ta fito, ki cire tabarau da kanki ki ce ba komai. Na san ki, zuciyata. Ba za ki sake zama ba."

Gaskiya ya faɗa. Amma ban gaya masa ba.

"Ban damu da zama ta farko ba," na ce. "Abin da na damu da shi, in ka ce kwali a rufe yake, ya zama a rufe yake. Kar ka sake liƙe mini wani abu ka ce sabo ne."

"Ba zan sake ba."

"In ka sake zan gane."

"Na ga alama."

Na dubi Yaya. Har yanzu makullin na hannunsa. Ya kalli kwalin, ya kalli guntayen salatif a kafet, ya girgiza kai.

"Mutumin da ya kasa ɓoye salatif, ina zai iya ɓoye mace?" Ya mayar da makullin aljihu. "Zauna a ɗauke ki, ina da wurin zuwa."

Na zauna. Mama ta matso ta gyara mini mayafi, ta ɗan ɗaga mini haɓa da yatsa.

"Haka yake so, na haddace," ta ce. "Bari in ga idon nan da ya hana ni barcin rana."

Fau!

Hasken bai soke ni ba. Sauka ya yi a fuskata a hankali, kamar na taga da safe.

Ya juyo mini da bayan kyamarar. Idanuna ne, a cikin tabarau, babu abin da ya rufe su. Ƙusurwa takwas a kowanne. Ba na murmushi. Gira ɗaya a ɗage, ina kallonsa kamar wadda ba ta gama bincike ba.

"Sake wani," na ce. "Na fito kamar 'yar sanda."

"A'a," in ji Mama. "Yanzu na san abin da ke ranki. Bar shi haka."

* * *

An ɗaura aurenmu. Yaya ne ya ba da ni, kuma har yau in ya zo gidan sai ya tambaya ko an samu sabuwar lambar waya.

Mai Hoto ya ɗauke ni a ƙarƙashin laimar nan ba adadi, ina dariya, ina aiki, ina riƙe da 'yarmu. Amma wancan na farkon ne ya rataye a falo.

In kaya ya iso masa kuwa, ba ya taɓa shi. A bakin ƙofa yake ajiye kwalin, ya jira in dawo daga aiki, ya miƙo mini wuƙa.