Robar Sabi'u da Ruwan Mazarƙwaila

A Nasarawar Burkullu akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da ƙane, Sabi'u, ɗan wata huɗu.

Da Gwaggo Zinatu ta zo daga Gusau, ta kawo wa jaririn tsarabar robar tsotso. Inna ta jujjuya ta, ta dubi yarinyar.

"Sai ya sha nono ya ƙoshi a ba shi ita," in ji Inna. "In ta hwaɗi ƙasa, ki kawo man in wanke da ruwan zahi."

Lokacin kaka ne, Inna na fama da matsar man gyaɗa. Raino ya koma hannun yarinyar in an tashi makaranta. Ita kuwa hankalinta yana ƙofar gida, wajen 'yar carafke.

Sabi'u ba ya son robar, tofar da ita yake yi. Sai yarinyar ta jiƙa mazarƙwaila a murfin kwano. Da ya motsa baki zai yi kuka, sai ta tsoma robar ta cusa masa. Shiru kake ji. In robar ta faɗi kusa da turken awaki, ta goge a zani kawai.

"Yaron ga ya yi hankali kwana biyu," in ji Inna. Yarinyar har da murmushi.

Amma Sabi'u ya rage kama nono, sannan zawo ya kama shi. Idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta loɓa. Ko kukan ma ya gagare shi. Tsoro ya cika yarinyar.

Baba ya tayar da babur za su asibiti a Bukkuyum. Ya tambayi Inna, "Ban da nono, mi anka ba shi?"

"Ba a ba shi komi ba."

Yarinyar ta ruga ɗaki. Ta fito da murfin kwanon, ƙudaje na binsa.

"Inna, ni na ba shi wanga, don shi bar kuka."

Inna ba ta dake ta ba. Ta karɓi murfin ta ɗaure a leda, suka tafi. Yarinyar ta zauna bakin zaure tana hawaye, ko tuwo ta kasa ci.

Sai da aka yi wa Sabi'u ƙarin ruwa. Allah ya taimaka, bayan 'yan kwanaki suka dawo da shi yana wutsil-wutsil.

Inna ta zaunar da ita. "Malamar asibiti ta ce gaskiyarki ta taimaka musu. Amma ki sani, jariri ba shi da magana sai kuka. Da shi yaka cewa yunwa, da shi yaka cewa ciwo. Ba a toshe mishi baki, sauraro aka yi."

"Na ji, Inna. In ya yi kuka hwa?"

"Ki goya shi, ki jijjiga. In bai yi shiru ba, ni yaka kira. Ki kawo man shi."