Keken Tukta da Ledar Miya

A layinmu na garin Lampang, babu wanda ya kai ni iya watsa ruwa ranar Songkran, bikinmu na sabuwar shekara. Ku tambayi kowa. Amma yau labarin Tukta zan ba ku, 'yar maƙwabcinmu.

Tukta ba ta iya tafiya da ƙafa. Tana da keke mai batir. A hannun dama akwai ɗan ƙaramin sitiyari, da shi take tuƙawa.

A bana ta roƙi babanta abu ɗaya. Tana so ta je gidan Kaka ita kaɗai. Za ta zuba mata ruwan ƙamshi a hannu, kamar yadda yara ke yi wa manya a bikin.

Baba ya ce, "Na yarda. Amma in kika yi wasa da keken nan, kin daina fita ke kaɗai."

Ya rufe sitiyarin da leda, ya ɗaure da robali.

"Yau kowa jiƙa kowa yake yi. Ke ruwa ba zai yi miki komai ba, amma sitiyari ba ya shiri da ruwa. Kada ki cire. Kuma ki bi ta lungu, ban da titi."

"To, Baba."

A bakin lungu ta haɗu da ƙawarta Nok, riƙe da bindigar ruwa. Nok ta kalli ledar, ta kwashe da dariya.

"Ke Tukta, miya kika fara sayarwa? Ƙulla min ta kaji, ki ƙara yaji!"

Kunya ta kama Tukta. Ta fizge ledar ta yar.

"Ba ni bindigar nan. Mu hau titi, ki ga aiki!"

Sai ga a-kori-kura cike da samari, da duro na ruwan ƙanƙara. Tukta ce ta fara harbi. Su kuwa suka rama da bokiti guda. Shaaa!

Fitilun sitiyari suka yi ƙyaf-ƙyaf. Keke ya tsaya cak a tsakiyar titi. Motoci suna ta hon. Nok ta ruga ta kira Baba.

Ya iso Tukta tana ƙoƙarin sake kunnawa.

"Kada ki kunna!" in ji Baba. "In wuta ta haɗu da ruwa a ciki, ya ƙone ke nan."

Ya ja wani ƙarfe kusa da taya, keken ya saki. Ya tura ta da hannu har gidan Kaka, yana haki. 

Kaka ta dube su. "Ah, ƙawata! Ke kaɗai ɗin ke nan? Ashe da direba kika zo."

Tukta ta sunkuyar da kai. Ta zuba wa Kaka ruwan ƙamshi a hannu, ta ce, "Ni na cire ledar. Ku yafe min."

Kaka ta shafa kanta, ta sa mata albarka.

A gida Baba ya goge keken da tsumma. Ya ajiye shi a inuwa, ya kunna masa fanka. Mai gyara kuma sai bayan biki zai buɗe shago. Haka Tukta ta ƙare bikin a bakin taga, tana jin ihun yara daga nesa.

Da mai gyara ya duba, ya ce, "An yi sa'a ba a sake kunnawa ba. Ya bushe, lafiyarsa ƙalau."

Amma Baba bai sake ba ta izinin fita ita kaɗai ba tukuna.

Wata safiya Tukta ta shirya za ta makaranta. Hadari ya haɗu. Kafin kowa ya yi magana, ta shiga kicin ta ɗauko leda da robali. Ta ɗaure sitiyarin tam.

"Baba, zan bi a hankali. In na ga ruwa kwance, zan kauce."

Baba ya yi murmushi. Ya buɗe mata ƙofa, ya koma ciki.

A hanya Nok ta ce, "Mai miya, an fito?"

Tukta ta ce, "An fito. Kuma miyata sai ta riga ki zuwa aji."

Ta kuwa riga ta.

To yara, kun ji. Kada dariyar ƙawa ta sa ku yar da abin da ke kare ku. Dariya takan wuce nan da nan, amma ɓarna takan daɗe.