Mai Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Rana na gab da faɗuwa ƙafar Yaya ta ƙi. Tun asuba suke gudu shi da ƙanensa Auta, sun ci kilomita tamanin da biyu cikin ɗari, saura goma sha takwas. Hanyar ta bar kwalta ta shiga daji, 'yar siririya tsakanin itatuwa, rassanta sun fi a ƙirga.

Auta mai walda ne, shekararsa talatin da takwas, kuma shekara biyu da suka wuce ko benen shagonsa bai iya hawa sai ya tsaya haki. Yaya ne ya raba shi da taba ranar da likita ya girgiza kai. Shi ya saya masa takalmin gudu, shi yake buga masa ƙofa kullum bayan sallar asuba yana cewa, "Fito, ragon banza, gadon nan ba gādonka ba ne." Wannan ne tseren farko da Auta ya shiga, kuma ya ɗora ransa a kai fiye da yadda ya taɓa faɗa wa kowa.

Yaya ya dafa bishiya ya yi amai. Gwiwarsa ta hagu, wadda ya daɗe yana ja tun wani haɗarin babur, ta kumbura tim. Auta ya kama shi ya zaunar da shi a gindin wata bishiya, nesa kaɗan da hanya don kada masu gudu su taka shi. Ya shafa masa man zafi. Sai ya duba agogo.

Ƙarfe tara ake rufe ƙofar ƙarshe. Wanda ya zo bayan tara, ko da minti ɗaya, bai gama ba.

"Na ga kana duba agogo," in ji Yaya, yana murmushin ƙarfin hali.

"A'a, Yaya."

"Kai dai je ka rumfar gaba ka gaya musu. Kaina ne ke juyawa. Kada ka daɗe, Auta."

"Yanzu zan dawo."

Kilomita shida ne zuwa rumfar gaba, inda ake ba da ruwa ana rubuta lambar duk wanda ya wuce. Cikin kilomita shidan nan shaiɗan ya sami wurin zama a zuciyar Auta. Ya san dokar tseren sarai: duk wanda ya kai rahoton ɗan gudu ya faɗi a dajin, dole ya tsaya ya hau motar ceto ya nuna wurin. Tserensa ya ƙare ke nan. Ya kuma san akwai wata mota da ke bin baya tana neman duk wanda lambarsa ba ta iso rumfa ba. To ai za su ga babu lambar Yaya, za su nemo shi. Me zai ƙara musu? Haka ya yi ta lallashin kansa har ya hango fitilar rumfar.

Wata mata ce zaune da takarda da biro. Auta ya buɗe baki. Wallahi ya buɗe. Sai ya ɗauki kofin ruwa ya cika bakin da shi.

Matar ta ɗago ta dubi ƙirjinsa. "Ɗari biyu da sha uku." Ta yi alama. Ta kai dubanta bayan kafaɗarsa. "Ɗari biyu da sha huɗu." Ta sake yin alama. "Sannunku. Ku yi sauri, lokaci ya matse."

Ɗari biyu da sha huɗu lambar Yaya ce.

Auta ya waiwaya. Babu kowa sai duhun magariba da ƙwari suna zagaye fitila. Ya ce a ransa gajiya ce ta sa matar ta rikice. Ya kamata ya gyara mata. Bai gyara ba. Ya kunna tocilar goshinsa ya koma cikin itatuwa.

Bai yi nisa ba ya fara jin sawu.

Tap, shuu. Tap, shuu. Ƙafa ɗaya tana taka ƙasa, ɗaya tana ja. Shekara biyu yana jin wannan sautin a bayansa kowace safiya, ko cikin barci zai gane shi.

Ya tsaya. Sawun ya tsaya.

Ya ci gaba. Tap, shuu.

Kukan gyare ya ɗauke baki ɗaya, kamar an kashe rediyo. Warin man zafi ya daki hancinsa, sabo, irin wanda aka shafa yanzu. Ƙarƙashinsa akwai wani ƙauri da ya sani daga shago, ƙaurin ƙarfen da wuta ta ci har ya yi ja.

"Yaya?" in ji Auta.

"Sha ruwa, Auta."

Muryar Yaya ce, daidai kunnensa na hagu. Amma babu haki a cikinta. Mutumin da ya yi gudun kilomita casa'in ba ya magana sumul haka.

Ya fara juya kansa.

"Kada ka waiwaya," in ji muryar, a hankali. "Ai ka iya."

Ya kama Ayatul Kursiyyu, numfashi bai ishe shi ba, tana tsinkewa a tsakiya yana sake farowa. Hasken tocilar ya ragu ya koma ja. A gefen hasken, can ƙasa, yana ganin takalman Yaya suna tafiya tare da nasa. Bai yarda ya ɗaga ido sama da idon sawu ba.

A allon kilomita casa'in da biyar abin ya ci ransa. Ya tuna da Yaya na gaskiya, shi kaɗai a gindin bishiya, kansa na juyawa, lambarsa a takarda cikin waɗanda suka wuce lafiya. Babu motar da za ta neme shi. Hawaye ya zubo masa. Ya ja burki.

"Zan koma," ya ce.

Wani hannu ya sauka a tsakiyar bayansa. Zafinsa ya ratsa riga.

"Yanzu?"

"Yayana ne."

"Ɗazu ma yayanka ne."

Hannun ya tura shi gaba.

Ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Ƙafafun da suka mutu tun la'asar suka riƙa cin ƙasa. Reshe ya yage masa kunci, bai ji ba. Duk lokacin da ya karkata zai juya, hannun ya daidaita shi.

Tap, shuu. Tap, shuu.

Numfashi mai zafi a ƙeyarsa.

Fitilu. Kiɗa. Mutane suna tafi.

Ya taka shimfiɗar da ke karanta lambar 'yan gudu a ƙofar ƙarshe. Na'urar ta yi ƙara, tiit. Ta sake, tiit.

"Tara saura minti huɗu!" in ji mai lasifika. "Wa da ƙane, sun shigo tare! A tafa musu!"

Hannun ya ɗauke daga bayansa. Wani ya rataya masa lambar yabo a wuya, ya tsaya riƙe da ta biyu yana waige-waige. Auta ya zube a kan gwiwoyinsa ya kama rigar matar da ke shugabantar masu ceto.

"Bai zo ba. Yayana bai zo ba. Yana daji."

"Ga lambarsa a allo, malam."

"Na rantse da Allah yana daji. Ku kai ni."

Sun sami Yaya inda aka bar shi, jikinsa sanyi ƙalau, leɓɓansa sun bushe, amma idonsa biyu. Babu lambar a ƙirjinsa, sai fil guda huɗu a jikin riga. Likitan motar ya ce da ya yi barci, da ba lallai ya farka ba.

A cikin motar, ana sa masa ƙarin ruwa, Yaya ya lalubo hannun Auta ya riƙe.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Da na ga ka dawo ko minti goma ba a yi ba, kunya ta kama ni. Ka bar tserenka saboda ni. Ka zauna kana ta girgiza ni, kada in yi barci, kada in yi barci. Hannunka zafi kamar garwashi. Sai da ka ji ƙarar mota ka tashi ka tare su."

Shugabar masu ceto ta dubi Auta. Ta dubi igiyar lambar yabon da ke leƙowa daga aljihunsa. Ta kau da kai.

Auta bai sake gudu ba. Lambar yabon ya narkar da ita a shago da hannunsa. A tsakiyar bayansa akwai tabon ƙuna mai yatsu biyar, ya gaya wa matarsa tartsatsin walda ne.

Yaya ya warke. Duk inda aka taru sai ya ba da labarin yana dariya, yadda na'urar mutanen nan ta haukace ta rubuta su biyu sun gama, alhali suna zaune a daji. Sai ya jawo Auta ya dafa kafaɗarsa a gaban 'ya'yansu ya ce, "Ku kalli baffanku da kyau. Irin wannan ake kira ɗan'uwa."

Sau uku Auta yana zuwa gidan Yaya da niyyar faɗa masa. Duk sau ukun ya sha shayi, ya gaishe da yara, ya koma gida.