Kwalayen Alhaji Mijinyawa

Ɗalhatu ya shiga shagon kargo na Alhaji Mijinyawa a unguwar Deira ta Dubai don aika littattafai Zariya, ya fito ya manta ko ya karɓi rasit. Mahfuza, 'yar mai shagon, ita ta buɗe kwalin. Ta ɗago wani hoto, ta tambaye shi wace kaza ce ta yi wannan rubutun.

Ya ce Ibrananci ne, fatun da Yahudawan dā suka yi rubutu a kai, waɗanda aka tono a kogunan hamada kusa da Tekun Gishiri. Da rana yana gyaran tsofaffin littattafai a wata cibiya, a kan fatun nan kuma yake digirinsa. Ta saurare shi har ƙarshe, abin da ko malaminsa bai taɓa yi ba.

Daga nan kullum sai ya sami abin aikawa gida. Ta raɗa masa Malam Kogo.

Alhaji kuwa, da ya ji maganar aure, ya ce khalas, ba za ta yiwu ba: 'yarsa ba za ta zauna gidan da ake kwana da takardun Yahudu ba. Ga Hadi mai kwantena, yaron kirki, mutanensa na jira a Kano. Mahfuza ba ta son Hadi, amma ba za ta yi aure babu albarkar uba ba. Bizarta kuma ta zo ƙarshe.

Saƙonta ya shigo: “Malam Kogona, an yanki tikiti, Juma'a ne. Ka iya haɗa fatar da ta ruɓe, ka kasa haɗa magana da Baba?”

Ya rubuta: “Hasken idona, fata ba ta harara.”

Ya tura manya, aka ba su shayi aka sallame su. Ran Alhamis ya ɗauki jakarsa ya tafi da kansa, da jawabin da ya haddace a unguwarsu ta Hor Al Anz ya zubar a cikin bas.

Alhaji na da wata ɗabi'a da 'yan kasuwa ke masa dariya a kai. Tun yana yaro ba ya tsallake takarda mai rubutun Larabci sai ya tsince ta ya adana, kada a taka sunan Allah. A Kano wannan ƙaramin aiki ne. A Dubai kuwa, ya cika bayan shago da kwalaye.

Ɗalhatu ya durƙusa, jakar ta kife, hotunan fatun suka watse. Hoto ɗaya ya sauka dab da takalmin Alhaji.

“Akwai sunan Allah a ciki?”

“Akwai, Baba.”

Dattijon ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya tambayi yadda abu ya kai shekaru haka bai salwanta ba. Ɗalhatu ya ce wasu a tuluna aka rufe, aka ɓoye a kogo. A Masar kuma ɗaki guda aka ware ana zuba duk takardar da ta tsufa, don Yahudawan ba sa jefa sunan Allah a shara.

Alhaji ya waiwaya ya dubi kwalayensa.

“Su ma dariya aka yi musu?”

“Yanzu dai jami'o'i ke rububinsu.”

An ɗaura auren a Kano bayan Sallah, da sharaɗin ango zai tantance kwalayen nan. Mafi yawa takardun naɗe shawarma ne. Ɗalhatu bai faɗa wa surukinsa ba, Mahfuza ma ta ce ya bar shi.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.