Sallama a Bakin Rijiya

Bayan sallar isha'i, Tasi'u na zaune a ofishin ƙungiyar manoma a gefen Minjibir, yana gyaran shafin kwamfuta da ke zana hawa da saukar ruwan tsohuwar rijiyarsu. Da wannan zanen ake raba ban-ruwa, ga tumatirin mutum arba'in na jiran gobe. Ya saita manhajar zanen yadda kwamfutar za ta riƙa aika tambaya ga na'urar auna ruwa da ke cikin rijiyar duk daƙiƙa biyar.

Sai warin laka ya cika ɗakin. Wani dattijo na tsaye a bakin ƙofa, muryarsa kamar daga cikin tulu.

"Yaro, kai ke turo min ɗan aike ba dare ba rana, ko sallama babu? Ka janye shi."

"Baba, rashin sallama laifina ne, na amsa," in ji Tasi'u. "Amma ruwa na Allah ne. Ba zan janye ba."

"Kakanka bai taɓa zura guga bai yi sallama ba."

"To, zan yi yadda ya yi. Ai bai daina zura gugan ba."

Tasi'u ya ƙara layi guda a saman kowace tambaya: Assalamu alaikum. Ya aika.

Da ya ɗago, babu kowa, sai jiƙaƙƙiyar ƙasa a bakin ƙofa, ba sawu ko ɗaya. A allon kwamfuta, ƙarƙashin lambar zurfin ruwa, ga wani layi da ba shi ya rubuta ba: Wa alaikumus salam, Tasi'u jikan Kolo.